Awon Kullum, Cefanen Mako ko Jadawali: Wanne Zai Riƙe Gida Mai Hidima?

Mutum goma sha uku ne ke cin tukunyar gidanmu: maigida, mahaifiyarsa da muke ce wa Inna, ni da uwargidana da nake kira Yaya, yara takwas, da ƙanen maigida da bai yi aure ba tukuna. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gabas da Wudil. Yaya kuma tana tuyar awara da la'asar, tana ɗinki in ta samu sarari. Malam, wato maigidanmu, manomi ne, da rani yana taɓa fataucin awaki. In damina ta faɗi, sai a ƙara mana bakin 'yan ƙwadago da ke jiran abinci a gona kafin azahar. Ranar da girki ya faɗo kaina a tsakiyar mako, bakwai da rabi ina hanyar makaranta, ba na dawowa sai bayan ƙarfe ɗaya, kuma ciki goma sha uku babu ruwansa da cewa malama tana aji.

Cikin shekara tara da na yi a gidan nan, babu salon tsara abinci da ban taɓa ba. Na tarar da awon kullum, na kawo jadawali, na kwaikwayi matan birni masu dafa na kwana biyu a wuta ɗaya, har muka tsaya inda muke yanzu. Kowanne yana da gidan da ya karɓe shi. Abin da ke raba gardama shi ne yadda kuɗi ke shigowa gidan, da wadda ke gida da hantsi, da kuma lokacin da ake ciki na shekara.

Awon kullum shi ne gadonmu. Da safe maigida ya buɗe rumbu ko ɗakin hatsi, ya auno na yini, ya miƙa kuɗin cefane, ya kama gabansa. Daga nan aiki ya tashi: in dami aka fitar a yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace dusa, a wanke, a baza ya sha iska, a ɗora wa yaro ya kai inji, ya bi layi, ya dawo a tankaɗe, sannan a ɗora ruwan talge. Dawar da ta fito takwas na safe ba ta zama tuwo sai an yi magariba, wata ran sai isha. Kullum ana fafe gora ne ranar tafiya. Ranar da inji ya lalace, ko mai injin ya tafi ɗaurin aure, sai a koma wa turmi ko a kwana da kunu.

Duk da haka ba zan kushe shi gaba ɗaya ba. Wanda samunsa na yau-yau ne, ɗan acaɓa, mai faskare, mai ga-ruwa, ɗan ƙwadago, hannu baka hannu ƙwarya, ba shi da tsarin da ya wuce wannan, kuma ba laifinsa ba ne. Babu abin da ke lalacewa, domin babu abin da ke kwana. Maigida ya san zurfin rumbunsa da hannunsa. Sannan abin da ba ya ɗakinki ba za a aiko a roƙa ba, kuma duk matar da ta zauna a ƙauye ta san girman wannan magana.

Tsadarsa a ƙulli take ɓoye. Mai ƙulli, gishiri ƙulli, barkono ƙulli, daddawa ɗaya, magi biyu. Wata rana na ɗauki kuɗin kwalbar man gyaɗa guda na sayi ƙulli-ƙulli da shi, na zo na juye a kwalba don in gani da idona. Ko kafaɗarta bai kai ba. Mai shago bai zalunce ni ba, ladan ƙullawa da kuɗin leda ya cira, amma wannan giɓin kowane mako daga aljihun maigida yake fita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin niƙa ya hau, mai inji ya daina tayar da shi don kwano ɗaya ko biyu, sai niƙa ya taru. Yarinyar da aka aika da azahar takan kai la'asar a zaune kan buhu, ta rasa Islamiyya. In an matsa dole sai awon kullum, akwai gyara guda da ba ya cin ko kwabo: a yi awon gobe yau. Ranar da aka samu ɗan sarari a auna na kwana biyu, daga nan kullum garin da za a tuƙa an niƙo shi tun jiya. Tazarar kwana ɗaya ce kawai, amma ita ke sa a ci tuwo da sauran haske.

Tsarin da ya fi zama mini daidai da rayuwar karkara shi ne na kasuwa zuwa kasuwa. Makon ɗan ƙauye ai ranar kasuwarsa yake farawa. Mu nan Wudil ke ci ran Juma'a, don haka makonmu Juma'a ne zuwa Alhamis. Mutanen Maigatari nasu Alhamis ne, na Dambatta da Gujungu Lahadi, na Shuwarin Litinin. Ranar ce kuɗi ke motsi, a sayar da akuya ko kwanon wake, kuma ranar ce kaya suka fi araha da zaɓi. Ran Alhamis da dare muke leƙa kwalabe da gwangwanaye mu ga abin da ya yi ƙasa. Ran Juma'a Malam ya sayo manja da man gyaɗa a kwalba, daddawa, gishiri, kanwa, albasa, busasshen kifi, ɗanyen kayan miya, da nama in Allah ya hore.

Sirrin wannan tsari a jerin ci yake, wato abin da ya fi saurin mutuwa shi ake fara ci. Juma'a da Asabar ranakun ɗanye ne: nama ko ɗanyen kifi, alayyahu, tumatir da tattasai. Lahadi zuwa Talata a shiga masu ɗan juriya, kabewa, ɗanyar kuɓewa, yakuwa, dankali, sauran kayan miyan da aka tafasa aka soya. Laraba da Alhamis kuwa sai masu amana, waɗanda ba sa ba mutum kunya: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, wake, ɗanwake, garau-garau da mai da yaji. Ba sai an rubuta komai ba, kwandon cefane da kansa yake faɗa miki abin da za ki ɗora.

Hatsi ma na mako ake fitarwa. Gidanmu kwano ɗaya da rabi na dawa muke tuƙawa da dare, har a samu ɗumame, gero kuma kwano ɗaya a yini don koko da fura. Na mako ya kama dawa kwano goma da rabi, gero kwano bakwai. Ran Asabar da hantsi ni da Yaya muke haɗa hannu mu surfe dawar duka, a kai inji sau ɗaya. A nan akwai abin da na koya da asara. Gari yana fitowa daga inji da zafi, ga kuma laimar wankin da aka yi wa hatsin. Karon farko na juye shi haka nan a bokiti na rufe, kwana uku na buɗe na tarar ya dunƙule yana tsami, gefe har ya fara fumfuna. Dole a baza shi a tabarma ko babban faranti ya huce ya bushe, har in kin damƙa kin saki ya warwatse, sannan a tankaɗe a rufe. Garin dawa da na masara in sun bushe haka suna kai mako ba gardama. Gero kuwa ba a yi masa wannan gatan, domin yana da maiƙo, garinsa na saurin yin ɗaci da wari. Shi surfaffe muke ajiye shi, a riƙa niƙa na kwana biyu ko uku.

Aibin wannan tsari na kasuwa zuwa kasuwa guda biyu ne, kuma dukansu manya ne. Yana son kuɗi a dunƙule, wanda ba kowa ke da shi ran kasuwa ba. Na biyun kuma, abin da ido ya gani da yawa hannu ba ya yi masa tsimi. Makon farko da muka gwada, man da aka sayo don kwana bakwai ran Talata ya ƙare. Miya ta yi ta ninƙaya cikin mai Asabar da Lahadi, ga kuma sallama daga zaure: "Wai in ji Ummata a sam mata manja cokali biyu." Ba ki isa ki ce babu ba, an ga kwalba ta shigo. A gidan mata biyu kuma sai zargi ya biyo baya, kowacce tana ganin a ranar ɗaya aka yi wadaƙa. Inna ce ta kashe wutar. Ran Juma'a da dare ta sa aka kawo komai ƙofar ɗakinta, ta raba mai da kifi da magi daidai kwanakin girkin kowacce a wannan makon, mai kwana huɗu da mai kwana uku, ta ce, "Kowacce ta riƙe nata. Wadda nata ya ƙare kafin Juma'a, kuka ɗaya na yarda ta kawo mini, ta miya." Har yau haka muke yi, har da ɗan kason da ake warewa na maƙwabta, domin gobe mu ma za mu aika.

Maigidan da bai yarda ya saki hatsin mako a hannun iyalinsa ba, wannan tsari ba zai zauna a gidansa ba, komai kyansa. Malam ma sai da ya yi wata biyu yana ƙirga kwano a zuci kafin ya gane cewa abin da ake ci a mako bai ƙaru ba, kuɗin niƙa da na shago ne suka ragu.

Jadawali kuwa ni na kawo shi, domin 'yar makarantar kwana ce ni, a can na saba da sanin abin da za a ci ran Laraba tun ran Litinin. Na samu kwali na ja layi, safe, rana, dare, na manna a bangon madafa. Inna ta tsaya ta dube shi, ta sa jikarta ta karanta mata, ta ce, "Malama, yanzu abincin ma sai an rubuta masa darasi? In Allah ya kawo kifi ran Talata, sai a ce masa ya jira Juma'a?" Na yi dariya a lokacin, amma ita ce da gaskiya. Kasuwa ba ta karanta kwalina. Na rubuta shinkafa da miyar dage-dage sau biyu a mako a watan Fabrairu, lokacin da tumatir ke zube ana neman mai ɗauka. Watan Yuni na zuwa, kuɗin miya ɗaya ya kusa na tuwon kwana biyu. Waɗanda suka tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Kaduna, sun san babu jadawalin da ya tsira. Baƙi su sauka, a yi rasuwa ko suna a maƙwabta a aiko da tuwo, Malam ya dawo daga fadama da rama cike da buhu, duk kwali ba shi da labari.

Amma ya yi mini abu biyu da sauran tsare-tsaren ba su yi ba. Ya ɗauke mini tunanin "yau kuma me za a ɗora", wanda in kina aji kina koyar da lissafi yana nan yana cin ki. Ya kuma kashe zargin nan na cewa daɗi a ranar wance ake fitar da shi. Girkinmu kwana bibbiyu ne, yana zagayowa duk kwana huɗu, mako kuwa kwana bakwai, don haka shinkafar Juma'a ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. Cikin Juma'a huɗu, biyu nawa, biyu na Yaya, ba wanda ya raba, lissafi ne ya raba. Abin da ya rage a bangonmu yanzu ƙashin jadawali ne kawai: tuwo kowane dare, wake aƙalla sau uku a mako ta kowace siga, ganye kullum ko a miya ko a kwaɗo, shinkafa ran Juma'a. Sunan miya ba na rubutawa. Cikakken jadawali na mai albashi ne da ke kusa da kasuwar da ke ci kullum, irin mazauna cikin Dutse ko Haɗeja.

Sai dafa da yawa a ajiye, wanda ya fi kowanne jan hankalin mace mai aiki, kuma ya fi kowanne haɗari a inda muke. Matan birni da nake gani a waya suna cika robobi da miyar mako suna jerawa, firji ne ke riƙe musu. Mu nan wuta baƙuwa ce. Namu na gargajiya shi ne ɗumame, kuma ba a banza kakanninmu suka tsaya kan dare ɗaya ba. Ribarsa a fili take, wuta ɗaya ta yi aikin biyu, itace da kara su yi auki, hayaƙin da ake shaƙa ya ragu. Da hunturu, Disamba da Janairu, tuwon dare da miyar kuka suna wayar gari garau, in dai an tafasa miyar kafin a kwanta, ba a sake tsoma mata cokali ba, aka kuma sake tafasa ta da safe har ta yi ɓararraka.

Bazara ce ta koya mini iyakarsa. Wata Talata cikin Afrilu, ina da girki ga jarrabawar yara, na tashi da asuba na dafa shinkafa da wake mai yawa, na ce na rana da na dare ke nan. Na zuba na daren a kula na rufe. Da magariba na buɗe, ba wari, ba yauƙi, na ɗumama aka ci. Kafin tsakar dare yara uku suna amai, ƙaramar har da gudawa, da asuba muna asibitin garinmu ana ba ta ruwan gishiri da sukari. Ma'aikaciyar da ta duba ta ce ta fahimtar da ni abin da ban sani ba. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe irinta, in abinci ya huce ya zauna cikin ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba guba, gubar kuma ɗumamawa ba ta karya ta. Kula tana riƙe zafi na 'yan awanni, bayan nan sai ta koma ɗakin rainon cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin gari kansa yana haura 40. Tun daga ranar, shinkafa, alala, awara, kwaɗo da duk miyar da aka sa wa gyaɗa, ba na yarda su yini a ajiye da bazara. Wanda ke da firji mai aiki da hasken rana, shi kam ya dafa ya ajiye, amma kuɗin kafa shi ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu.

Dabara ɗaya na tsira da ita daga wannan ɓangare. Wake in an jiƙa shi tun dare, da safe a tafasa shi sosai kamar minti goma sha biyar, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da buhun algarara da tsohon bargo a cusa a kwando. Zafin da ke ciki yana ci gaba da dafa shi. In na naɗe da bakwai, Yaya ta buɗe da sha ɗaya, ya yi laushi, tafasa ɗaya za ta ƙara masa a zuba shinkafa.

In aka ce in zaɓi abu guda da ya sauya mini rayuwa, busasshen shiri zan nuna, wato rabin girkin da ake yi tun kafin a ji yunwa. Rana da iskar hunturu su ne firjinmu, kuma ba a kawo mana takardar kuɗinsu. Garin ɗanwake, wake da alabo da kuka a haɗe a niƙe, yana bokiti. In na dawo ƙarfe ɗaya da rabi, ruwa na tafasa na kwaɓa da ruwan kanwa na jefa, kafin a idar da azahar yara na ci. Tsakin masara na dambu da fate a ɓarje yake. Yaji a dake, kuka a tankaɗe, kuɓewa a dake, daddawa a dake, wake na ƙosai da alala a surfe a bushe. Taliyar murji muna yin ta ran Lahadi mu shanya a igiya. Miyar da kayanta ke a dake minti ashirin ta ishe ta.

Wannan shiri da kalandar gona yake tafiya. Da kaka ake yanka kuɓewa, a tsinki yakuwa da zogale da rama a shanya. Ganye a inuwa ake shanya shi, inda iska ke ratsawa, domin rana tana ƙone launinsa tana rage masa amfani. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga, ya cika kasuwar Kwanar Gafan har ya gangaro mana da araha, muke sayen kwando mu yanka mu yi kauɗa, tare da tattasai da attaruhu. A kan tabarma mai tsabta ko rufin kwano ake shanyawa, ba a ƙasa ba, in ba haka ba duk damina kina tauna yashi. Wake kuwa a buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS muke zuba shi, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. In an matse iska an ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwarin ciki shaƙewa suke yi su mutu ba tare da magani ba. Jarka mai murfi da ba ta shan iska ma tana yin aikin. Gara wannan sau dubu da zuba wa abin da yaranki za su ci maganin ƙwari, halin da ya sa Tarayyar Turai ta rufe wa waken Najeriya ƙofa a 2015. Gyaɗa da masara kuma duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canza launi a tsince a zubar, gubarta hanta take ci, kuma suya ba ta kashe ta.

Busasshen shiri ma ba a rasa shi da nasa aibin. Aikinsa a gaba yake, sai kin sadaukar da Asabar ko Lahadi, kuma yana son hannu biyu ko uku. Kauɗa ba ta kai ɗanyen tumatir daɗi ba, miyarta duhu take yi, in ba a jiƙa ta da ruwan zafi an wanke sosai ba har ɗaci take kawowa. Gidan da ya dogara da busasshe kaɗai kuma zai wayi gari yara sun yi wata ba su ga kore a kwano ba, shi ya sa zogale biyu a bayan ɗaki da ɗan fegin alayyahu kusa da wurin wanke-wanke suka fi ƙarfin ado.

Dukan waɗannan a kan lissafi ɗaya suke zaune, wanda na maigida ne, kuma da kaka ake yin sa. Dawa kwano ɗaya da rabi a yini, kwano 45 ke nan a wata, 540 a shekara. A buhu mai cin kwano 40, buhu goma sha uku da rabi. Gero kwano ɗaya a yini, buhu tara. Wannan ban da zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ban da iri, da abincin 'yan ƙwadago, da azumi, da suna ko biki. Wanda ya sayar da hatsi da arahar kaka bai ware wannan ba, shi ne zai saye shi da tsadar Yuli da Agusta, a lokacin kuma maganar tsari ta ƙare, sai abin da aka samu. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Kowa ya auna abin da gidansa ke ci na mako ɗaya da kwano, ya ninka.

Akwai kuma mutum ɗaya da duk tsare-tsaren nan ke mantawa, shi ne yaron da ke tsakanin wata shida da shekara biyu. Cikinsa ƙarami ne, ba zai jira tuwon dare ba. Daga wata tara yana bukatar ci sau uku zuwa huɗu a yini bayan nono, kuma ruwan koko zalla ba ya gina shi. Garin kunun da ake koya wa mata a wurin awo a asibiti, hatsi awo shida, waken soya uku, gyaɗa ɗaya, a soya sama-sama a niƙa tare, shi ne busasshen shirin da zan ce ko mai awon kullum ya daure ya yi. Minti biyar an dama, sabo kowane lokaci, ko babbar yarinya ta iya.

To, wa zai ɗauki wanne? Mai samun kullum ya zauna kan awonsa, ya dai tsere wa yunwa da kwana ɗaya, ya ajiye kuka da yaji da garin kunu. Manomi ko ɗan kasuwar da kuɗinsa ke zuwa ran kasuwa, cefanen mako da niƙan mako ne nasa. Mai albashi ya sayi mai da shinkafa da magi da sabulu na wata ranar da kuɗi suka shigo, kafin 'yan bashi su ji labari, ɗanyen kaya kuma ya bar su mako-mako. Gidan mata biyu ko uku su ɗora ƙashin jadawali a kai, a kuma raba kaya a gaban babba. Matar da ke fita aiki ko sana'a, ko wadda ke kai abinci gona, busasshen shiri ne zai cece ta, ta bar dafa-ka-ajiye sai sanyi ya shigo.

Namu haɗin gambiza ne: cefane ran Juma'a, surfe da niƙa ran Asabar, bokitan busasshe a jere a ɗakin Yaya, kwali mai layi huɗu a bango. Wata goma yana tafiya sumul. Da marka ta kankama a Agusta kuwa sai ya fara ɗingishi. Gari ba ya bushewa, kara ya jiƙe, hanyar Wudil ta yi caɓi har mai babur ya ninka kuɗi, ga 'yan ƙwadago shida suna jiran dambu a gona. A wannan watan niƙan kwana uku muke komawa, mu buɗe kauɗa da busasshiyar kuɓewa, yara su tsinko tafasa da lalo a bakin gona. Bara a irin wannan lokacin Inna ta leƙo madafa ta same ni ina fifita ɗanyen itace, hawaye na zuba, garin da na baza tun jiya yana nan da laimarsa. Ta dubi kwalin da ruwa ya jiƙa har tawadar ta zube, ta ce, "Malama, yau darasin me ke gare mu?" Na ce, "Fate, Inna." Ta jawo kujera ta zauna ta fara tsinke mini yakuwa.